Haƙoran Zarton Baba

"Ni fa ƙarfe ko ya mutu ya ruɓe, in dai ya shigo hannuna sai ya tashi ya gaishe ni!"

Mai wannan magana shi ne Likitan Ƙarafa, yana zaune a shagon aski, kumfa ta rufe masa haɓa amma ta kasa rufe masa baki. Kada ka tambaye ni makarantar da ta ba shi likitancin, abokina. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya yi wa kansa barka. A bayan idonsa kuwa Sarkin Tsatsa ake ce masa.

Tun da ya bar sayar da taya ya faɗa tara tsofaffin kayan aiki. Ɗakin ajiyar gidansa, wanda yake kira asibiti, cike yake da guduma marar ƙota, almakashi mai ƙafa ɗaya, da wasu ƙarafan da shi kansa bai san amfaninsu ba. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato fenti ruwan azurfa. Akwai wata filaya da ya yi wa magani, tun daga ranar bakinta bai sake buɗuwa ba.

Abin da ke hana shi sukuni shi ne akwatin surukinsa. Tsohon kafinta ne, ya gaji akwatin daga mahaifinsa, cike da gizago da magagari da kayan da yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Likita ya yi zarya, ya yi gaisuwa, ya yi fadanci, tsoho ya ƙi ko ɗaga murfin. Sai da idonsa ya yi rauni ya ajiye aiki, sannan ya kira shi ya miƙa masa zarto guda.

"Tsatsa ce ta hau shi," in ji tsohon. "Ka goge, ka dawo min da shi yana yanka. In ka yi haka, akwati naka ne."

Labarin da Likita yake ba mai aski ke nan.

"Ka shirya, kai ne shaidata ranar da zan karɓo akwatin," ya ce. "Wannan aiki ai ko ido a rufe na yi shi."

"To Allah ya ba mara lafiya sa'a," in ji mai aski.

Da ya koma gida ya kwantar da zarto a kan tebur, ya naɗe hannun riga. Matarsa ta leƙo.

"Maigida, Baba fa kananzir yake sa masa da ɗan tsumma."

"Kananzir! Shi ya sa ƙasar nan ba ta ci gaba. Ba ni babban kwanon nan naki."

Ya tsiyaya ruwan batir a kwano, ya jiƙa zarto, ya tafi hira. Da ya dawo tsatsa ta tafi kam, babu ƙarya. Sai dai ta tafi da tambarin maƙerin da ke jikin zarton, ta tafi da gindin kwanon, ruwan kuma ya bi tebur ya sauka a kan wandonsa na fita unguwa ya yi masa tagogi.

Matar ta tsaya tana dariya, har ɗan haƙorinta na gefe da ya karkace ya fito.

"Ki yi dariyarki," ya ce. "Babu tiyatar da ba a zubar da jini."

Daga nan ya koma kan mariƙin katako. Ya yi baƙi da gumin shekaru, ga wani ɗan rami inda babban yatsa ya saba zama.

"Dubi ƙazanta! Dubi yadda ya lotsa!"

Ya cike ramin da garin katako da gam, ya kankare, ya zabga masa jan fenti. Ya ja da baya yana kallon aikinsa, daɗi kamar ya rungume kansa.

Sai ya ɗaga zarton saitin idonsa, ya kanne ɗaya, ya leƙa layin haƙoran. Nan ya yi salati da ƙarfi har matar ta rugo da gudu.

"Zo ki ga abin tausayi! Wannan haƙori ya kalli hagu, wannan ya kalli dama, duk babu mai ga maciji da ɗan'uwansa. Ashe haka Baba ya yi ta fama da nakasasshen zarto, babu wanda ya gaya masa!"

"Anya ba haka ake yin su ba?"

"Ni da ke wa ya yi likitanci a gidan nan?"

To bari in raɗa maka, abokina, tunda shi ba ya jin magana. Da gangan ake karkata haƙoran zarto, ɗaya nan ɗaya can, domin su buɗa hanya mai faɗi jikin zarton ya samu wucewa. Likita kuwa ya shimfiɗa shi a kan siminti, ya ɗauko guduma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ladabtarwa har suka miƙe sambal.

Saura gwaji. Ya jawo kujerar da matar ke zama a kicin ya ɗora zarto. Ja na farko ya shiga, na biyu ya yi ƙara, na uku ya cije ya ce ba inda za shi. Likita ya tura, ya ja, ya yi masa magiya, ya zage shi. Daga ƙarshe ya taka kujerar da ƙafa ya fizga da iya ƙarfinsa. Zarto ya fito, Likita ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin tulin majinyatansa, haƙoran zarto kuwa wasu suka yi tsalle suka bar gari.

"Maigida, ya yi giɓi."

"Wushirya ce. Ado ce."

Amma shi ma ya san ba zai kai wa tsoho wushirya ba. Ya ɗauko magagari ya ce bari ya ɗan rage dogayen su daidaita da gajerun. Ka san yadda mutum ke gyaran gashin baki, ya rage nan sai can ya fi tsawo, ya rage can sai nan ya fi, har ya wayi gari leɓe fayau? Haka aka yi. Da Likita ya ɗago kai, gumi sharkaf, bakin zarto ya zama sumul, babu ko haƙori ɗaya na rantsuwa.

Nan ya ga akwati yana yi masa bankwana. Amma Likita ba ya daɗewa cikin baƙin ciki. Ya shafa masa fenti ruwan azurfa, ya naɗe a sabon ƙyalle, ya ce ai ma ya fi kyau haka.

Ranar kai kaya Likita da matarsa da mai aski suka sami tsoho a barandarsa, akwati a gabansa, makulli a hannu. Mai aski ya samu wuri ya zauna. Likita ya gaida surukinsa, ya warware ƙyalle a hankali.

"Baba, ga shi. Sabon salo ne, irin wanda ake yayi yanzu. Ba ƙara, ba ƙura."

"Ba yanka," in ji mai aski ƙasa-ƙasa.

Tsoho ya karɓa. Da yake ido ya yi rauni, da hannu yake gani. Babban yatsansa ya tafi neman ramin nan na mariƙi, inda yatsan mahaifinsa ya zauna kafin nasa, bai same shi ba. Ransa ya sosu ƙwarai, har mai aski ya daina murmushi. Sannan ya bi bakin zarton da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya sake dawowa.

"Likita."

"Na'am, Baba."

"Ina haƙoran?"

"Ai... karkatattu ne, Baba. Na ga suna wahalar da kai."

Tsoho ya buɗe baki ya yi dariya, dasashi fal, domin shi ma nasa sun daɗe da tafiya.

"Ni tsufa ya bi ni a hankali yana cirewa ɗaya-ɗaya, da sallama. Wannan bawan Allah kuwa ya yi wa ubana aiki, ya yi min, bai rasa ko ɗaya ba sai da ya kwanta a asibitinka."

Ya jefa makullin a aljihu, ya tashi ya zauna daram a kan akwatin. Mai aski ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Matar Likita ta yi ta maza ta kasa, dariya ta ƙwace mata.

Tsoho ya juya wajenta da sauri.

"Ke 'yata, rufe bakinki! Na tuna kina da ɗaya da ya karkace, ga shi Likita yana kallo."