Sanarwar Rasuwar Ja, Jitar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Auta mai ƙulla burodi a leda take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jitarta ta lantarki, wadda aka fi sani da Ja. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, a kan bencin gyaran babura na mijin yayarta, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ba a san shekarun marigayiyar ba, domin ta hannu aka sayo ta, amma ta yi huɗu a ɗakin Auta.

Marigayiyar ba 'yar babban gida ba ce. Sunan da ke rubuce a kanta babu wanda ya taɓa jin sa, katakonta mai araha ne, wuyanta ma ya ɗan karkace. Amma ta kasance mai haƙuri da riƙon sirri. Kowa ya san Auta, in an gaishe ta yatsun ƙafarta take amsa wa. Ja ce kaɗai ta san abin da ke cikinta. In an taso daga aiki, ƙofa a rufe, sai a ji ta tana cewa tirin, tirin, tirin, ƙasa-ƙasa. In Auta ta danna mata sandar da ke cibiyarta, sai ta ce waaaw, muryar tana lilo kamar za ta yi kuka ta fasa. Kuskure dubu Auta ta yi a kanta, ba ta taɓa kai ƙara ba.

Ciwonta ɗaya ne, a gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyi shida suke hawa, inda sandar take. In an danna sandar sau biyu, sai muryarta ta sauka ta ƙi komawa daidai. Da wannan ciwon ta rayu lafiya, har ranar da Malama, shugabar wasu mata biyar masu kiɗa a zauren matasa, ta ji kiɗan Auta ta taga. Ta ce ta zo gwaji ranar Asabar ƙarfe huɗu, suna neman mai jita. Ta ƙara da cewa, "Hannunki na da kyau, amma jitarki na sakin murya. A duba mata gada."

A duba, ta ce. Ba ta ce a canja ba. Akwai dattijo mai gyaran kayan kiɗa a bayan tasha, amma kullum shagonsa cike yake da maza suna hira, Auta ta wuce ƙofarsa sau uku ba ta iya shiga ba. Sai ta je wani kanti inda ba sai an yi magana ba, ta nuna wata sabuwar gada mai ruwan zinariya a cikin gilashi. Mai kanti ya tambaye ta wace iri ce jitarta. Ta gyaɗa kai. Ya sake tambaya, ta sake gyaɗawa, ya naɗe mata.

A gida ta ga ta'asa. Tsohuwar gadar sukuru shida ke riƙe da ita a jere, sabuwar kuwa ƙafafu biyu gare ta, masu kauri kamar babban yatsa. Kunyar mayar da ita kanti ta hana ta, ta ajiye a kan tebur. A nan Injiniya ya gan ta, ranar da ya zo gaida surukarsa.

"Wannan ai aikin minti goma ne, ƙanwata," in ji shi. "Ni da nake buɗe injin babur ido rufe?" Ya ɗauki Ja ta wuya kamar kazar da za a yanka.

Iyalan marigayiyar sun so a ɓoye yadda aka yi jinyar, amma mai makoki, wato Auta, ta ce a rubuta. An kwantar da Ja a kan benci babu ko shimfiɗa, cikin baƙin mai da ɓawon gyaɗa, kusa da tsumman da Injiniya yake goge hannu da shi, yake kuma fyace hanci a ciki. Ya datse tsirkiyoyin da filaya gaba ɗaya. Mafi siririyar ya sa a baki ya saƙace haƙori, ya duba abin da ya fito, ya shafa a jikinta. Gumi na ɗiga daga hancinsa a kan jan fentin da Auta take gogewa da gefen mayafinta. Ya ɗauko injin huda ƙarfe, bai auna komai ba, ya huda har bakin injin ya leƙo ta bayanta. Ramukan suka yi faɗi. Sai ya yanko robar tayar babur ya naɗa wa ƙafafun gadar, ya tofa musu yawu wai don su shige, ya ɗauko guduma.

A bugu na uku Ja ta ce ƙas. Shi ne furucinta na ƙarshe. Ta tsage daga cibiya har gindi.

Injiniya bai girgiza ba. Ya ciro cingam daga bakinsa, ya cusa a tsagar, ya lailaye da babban yatsa. "Ai dama katakon banza ne," ya ce. "Ki gode da ya nuna halinsa a hannun masani."

Duk wannan Auta tana tsaye a gefe, hannu a bayanta. Sau huɗu ta buɗe baki za ta ce ya dakata, sau huɗu ta haɗiye. Ta wanke hannunta da sabulu har fatar ta yi fari, ta jefar da mayafin da ta rungumo gawar da shi, amma har yau in ta tuna tsayuwar nan tata, ita ta fi tayar mata da zuciya, fiye da cingam ɗin.

Washegari ta shiga shagon dattijon nan, da mazan da komai, domin gawa ba ta jira. Ya tabbatar da rasuwar. Ya tambaya wane mahauci ne ya yi wannan aiki. Sannan ya juya tsohuwar gadar a hannu ya ce lafiyarta ƙalau, sukuru biyu kawai za a ɗaure a baya, a goga bakin fensir inda tsirkiyoyi suke wucewa, kafin shayinsa ya huce an gama.

Marigayiyar ta bar 'yar ƙaramar lasifika, da waya mai tsawon taku biyar wadda sai an murɗa ta take magana, da maratayi, da tsohuwar gada da take zaman takaba a gwangwanin madara. Sabuwar gadar ba ta cikin dangi. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, tana nan tana ƙyalli, tana warin yawu.

Yayar Auta ta ce mijinta da kyakkyawar niyya ya yi. Mahaifiyarsu ta ce a bar maganar, katako ne. Ranar Juma'a Injiniya ya zo gaisuwa da kansa, ya hango lasifikar a lungu, ya ce yana jin tana ɗan shaƙewa, bari ya tafi da ita ya leƙa cikinta. Har ya sunkuya.

"Yaya, ajiye," in ji Auta.

Ya waigo yana neman wanda ya yi magana.

"Ni ce. Ajiye ta. Kada ka ƙara taɓa min kaya."

Ya ajiye. Daga nan, tun bakin nata bai koma ya rufe ba, ta wuce gidan Malama ta faɗi duk abin da ya faru, ta roƙi aron jita. Malama ta yi dariya har da hawaye, sannan ta miƙo mata tata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ƙarfe goma na safe. Dattijo mai gyara zai cire maɗauran tsirkiya da abin da ya rage mai amfani, don wata jitar ta rayu da su. Sauran za a sa a kwalin firji, a ɗora a saman kabad ɗin Auta. Mai makoki ce za ta ɗauki gawar ita kaɗai. An yafe wa Injiniya halarta, za a aika masa da gadarsa ta zinariya a leda biyu.

Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida har ƙarfe uku daidai. Wanda ya makara zai tarar da ɗakin a kulle, domin mai makokin za ta kasance a zauren matasa da jitar aro, a gaban mata biyar, tana kaɗawa.