Jaririn da Na Ƙwato daga Bakin Jaki

Tun daga Kusada nake jan kunnen yarana kada su kunyata ni gaban baturiyar mishan da ta gayyace mu kallon wasan Kirsimeti a Kankiya.

Muka tarar an kwantar da jariri a komin dabbobi, cikin sanyi, mai jego na zaune tana kallo. Da jaki ya miƙa baki, sai na tsallake igiyar da aka tare 'yan kallo da ita na sure jaririn, ina faɗa: "Baiwar Allah, wa ya fito da ke ko arba'in ba ki yi ba?"

Na buɗe zanen, ashe kabewa ce.

Ƙaramina ya ce, "Inna, ƙanenmu ne?"

Har yau Uwar Kabewa ake kirana, kuma na gaji. Don Allah, in mun haɗu a kasuwa, ku daina yi mini barka.