Gurnanin Kwamfutar Majalisa

A wani daji da rani ya bar wa tafki ɗaya tak, dabbobi suka kafa majalisar rabon ruwa, suka naɗa Ɗawisu shugaba. Majalisar tana da ƙaramar kwamfuta, irin wadda ake ɗorawa a cinya, a hannun Bushiya magatakarda. Kowace safiya ita ke fitar da jerin masu sha: wa zai sha da hantsi, wa zai jira la'asar. Ranar da jerin ya makara, manya su sha, ƙanana su kwana da ƙishirwa.

Ɗawisu ya kafa dokoki biyu. Kayan majalisa ba ya zama a ƙasa, sai a kan matashi mai laushi. Kuma muddin kwamfutar tana kunne, hotonsa mai motsi zai riƙa yawo a allon, yana baza jela gashi bayan gashi.

Daga nan kwamfutar ta fara nawa. In Bushiya ta danna harafi, sai ta ƙirga goma kafin ya fito, fankar ciki kuwa sai gurnani. Kwana uku jerin bai fito ba sai azahar, har Zomo ya suma a layi.

Majalisa ta zauna. Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na lura. Ba ta gurnani sai hotonka ya fito. Wannan ba lalacewa ba ce, raini ne."

Biri, wanda ya taɓa leƙa tagar wani shago a gari, tun ranar ake ce masa Injiniya, ya ce, "Ƙwayar cuta ce. A kafa kwamiti."

Ɗawisu ya dubi Bushiya. "Magatakarda, in jeri ya sake makara, ki ajiye aikin. Me za ki ce?"

Bushiya ta sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, na gwada. Na rufe hoton, ta yi gudu. Na buɗe shi, ta yi zafi har ban iya taɓa ta ba. Mai tunani da mai zana hoto a cikinta ɗaki ɗaya suke, iska ɗaya suke shaƙa. In mai zanen ya ɗau zafi, sai mai tunanin ya rage sauri da kansa don kada ya ƙone. Ba ƙiwuya take yi ba, ranta take ceto. Kafar iskarta a ƙasa take, matashin ya toshe ta. A ɗora ta a kan duwatsu biyu, a rufe hoton awa ɗaya da safe. Shi ke nan."



"Wato jelata ce ke hana daji shan ruwa?" in ji Ɗawisu.

"Ban ce ba, ranka ya daɗe."

"Ai kwamfutar ta riga ta faɗa," in ji Kura.

Aka yanke hukunci. Aka sallami Bushiya, aka ba Injiniya kujerarta. Shi kuma ya ƙara matashi na biyu, ya liƙe kafar iskar da ƙaro don kwamfutar ta koyi ladabi. Kafin la'asar allon ya yi baƙi, jelar shugaba ko rabi ba ta gama buɗewa ba.

Washegari Bushiya ta tsige ƙaya ɗaya daga bayanta, ta rubuta jerin a kan laka a bakin tafki, sunan Zomo a farko. Kura ta zo ta share shi da ƙafa, domin babu hoton shugaba a kai.

Bayan wata guda rahoton kwamiti ya fito. Ya ce an shawo kan matsalar, domin tun ranar ba a ƙara jin gurnanin kowa a majalisa ba.