Rasuwar Sabis ɗin Kan Gora a Gonar Malam Bunu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ya ƙi kwanciya, Malam Bunu manomin shinkafa na fadamar Guri yake sanar da 'yan'uwa rasuwar sabis ɗin wayarsa, mai sanda ɗaya tal a fuskar waya, wanda ya shekara tara a saman wata gora a bakin gonarsa.

Marigayin ba mai yawo ba ne. Ko taku biyu aka matsa ba a samunsa, shi ya sa ake sa wayar a safa a rataya masa. Muryarsa a shaƙe take, ƙirrr, ƙit, sai shiru. Amma duk damina ta bakinsa Tasi'u, ƙanin Malam Bunu da ke can sama da Auyo, yake faɗin cewa ruwa ya taso, a kwashe shinkafa. Bai taɓa makara ba.

Lafiyarsa ƙalau har watan da kamfani ya damƙa ƙarafan sabis a hannun wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke juya su da kanta zuwa inda kira ya fi yawa. Ita kuwa gonar kira uku take gani a mako. Daga nan marigayin ya fara suma yana farfaɗowa, har ya cika ranar Talata da hantsi.

An shaida wa iyalan cewa na'urar ba ta yanke hukunci sai wani injiniya ya duba ya amince. Malam Bunu bai ce ƙarya ba ne. Yana dai son a nuna masa mutumin, ya tambaye shi ko ya taɓa ganin shinkafa a ƙarƙashin ruwa. A ransa wannan ba ajali ba ne, da hannu a ciki.

Ya rasu ya bar waya ɗaya, safa ɗaya, gora, da shinkafar da saura mako biyu a yanke.

Za a sauke gorar ranar Juma'a bayan La'asar. Masu niyyar ta'aziyya ta waya kada su wahalar da kansu, su shigo kwalekwale. Wanda kuma zai biyo ta wajen Auyo, don Allah ya dubi inda ruwa ya kai, ya zo da labari.