Layin da Ke Sunan Malam Manzo

"…da gajiya, tsohon miji? Har yanzu kana nan, ba ka ba mutane wuri ba?"

"Ina nan daram, sai na ga hurhurarki. Mi ya koro ki daga Tawa hannu biyu, ko goron kunya babu?"

Malam Manzo ke nan, kakan Rukaiya na wajen uwa, yana tufkar igiya gindin itacen bedi a ƙofar gidansa na Bambeye. Abin da ya kawo jikar tasa kuwa ya hana ta sukuni. Wani fim ne mai dogon zango aka yi ta nunawa a tele, aka ƙare shi da jefa likitan da kowa ke so cikin kogi. Rukaiya ta ce ba da ita ba. Ta ɗauki labarin daga inda suka yar da shi, tana rubutawa cikin imel ɗinta, tana karanta wa mata da murya ta waya. Kwatsam salula ta ɓace a kasuwa, imel ya kulle, wai sai lambar da za a turo a tsohon layi. Layin nan da sunan tsoho aka saye shi tun ba ta isa yin katin ɗan ƙasa ba, kuma ba a sabunta shi sai mai shi ya je da ƙafarsa. Rubutun duka yana ciki, har da ƙarshen da ba wanda ya ji tukuna.

"Tashi za ka yi mu tahi ajans, ofishin kamfanin waya na Tawa," in ji ta. "Ka ɗauko kardantinka ta ɗan ƙasa, in gara ba ta cinye ba."

"Ni? In bar igiyata saboda tatsuniya? Yarinya an kai ki lakkwal ki zama likita, kin ƙare da tsamo likitan ƙarya daga ruwa."

"Ƙaryar ta hi igiyar ga taka amfani. Tun ina goye kake tufkarta, ko akuya guda ba ta taɓa ɗaurewa ba."

"Ki sake rubuta wani mana. Ƙarya ai ba ta ƙare miki."

Nan fa ranta ya sosu da gaske, har muryarta ta yi ƙasa. "Kaka, tun ina lise, ina 'yar sakandare, nike rubutun ga. Ba shi sakuwa. Yau ko goya ka zan yi, sai mun tahi."

"Goya ni? Da wanga ƙashi naki kamar karan dawa? To na sake ki. Saki ukku."

"Na gode Allah, na huta da mijin da ba shi da haƙorin tauna tukudi. Sakakka dai za ta kai ka Tawa."

Ya ci gaba da murza kaba a cinya kamar bai ji ba. Rukaiya ta gyara zama, ta leƙa cikin gida inda kakarta Raƙiya ke daka.

"Ka san su wa ka saurarena duk Jumma'a? Inna Raƙiya da matan unguwar ga kaf. Bari in shiga in shaida musu wanda ya hana likita hitowa. Mu gani wa za shi dama maka hura."

"Ke, dawo nan. Sharri gadonku na, wajen ubanki kinka kwaso shi."

"In shiga?"

"Zamna, na ce."

Tsoho ya cire hula, ya zaro wani ƙullin leda daga cikinta, ya yi ta warwara har katin ya fito. Ya miƙe yana gunaguni, ya aika a kira mai kabu-kabu. Sai da ya sa takalmi ya waiga hagu da dama, sannan ya matso kusa da kunnenta.

"Wai shin masuncin nan da ya ga hannu bisa ruwa, ya kai gare shi ko ko? Nan kinka tsaya wancan mako."

Rukaiya ta saki baki tana kallonsa. "Kai ma? Ina kake ji?"

"Bayan dangar mata akwai inuwa mai daɗi," in ji shi, yana kau da kai. "Laihi na mutum shi huta?"

Dariya ta kama ta har da riƙe ciki. "To hau mashin, tsohon miji. Amsar tana cikin layinka."

"Kai, yaro," ya ce da mai kabu-kabu, shi ma yana dariya, "taka da ƙarhi, bawan Allah ya daɗe cikin ruwa."