Rasuwar Kande, Fijo 504, a Hannun Taubashina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɓacin rai da aka hana ni nunawa, ni Malam Abubakar Mainasara, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata Kande, Fijo 504 ruwan toka, wadda ta cika ranar Laraba da azahar a bakin wata rijiya tsakanin Waca da Guci. Ta bar duniya tana da shekara arba'in da biyu, goma sha uku daga ciki a gidana. Ba tsufa ne ajalinta ba. Kashe ta aka yi, kuma zan faɗi sunan wanda ya aikata.

Na ɗauko marigayiyar ne daga Damagaram, a hannun matar wani likitan dabbobi da ya rasu ya bar ta cikin rumfa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Maza biyar Allah ya ba mu ni da maiɗakina Ikilima, shi ya sa ranar da ta shigo gida na ce to ga Kande ta iso. Wata bakwai muka yi da Sidi makanike muna tashinta. Sau uku na je Kano saboda fitilar hagu guda ɗaya, don na rantse ba za a liƙa mata ta wata mota ba.

Duk wanda ya zauna da ita ya san mai haƙuri ce, amma ba ta son gaggawa. Da safe sai ka taka mata mai sau biyu, ka jira, sannan ka murɗa makulli. Sai ta ce kir-kir-kir, ta yi tari ɗaya, daga nan ta kama dum-dum-dum ɗinta da maƙwabta ke tashin yara da shi. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai amare, ta kai gawa uku makwancinsu, ba ta taɓa tambayar ko ɗan wa ta ɗauka ba. Ran Juma'a bayan la'asar nakan sauke gilashi mu bi hanyar Dungas a hankali, dattawa suna ɗago mana hannu daga bakin gona. Ni dai ban san wani jin daɗi da ya wuce wannan ba.

Lalurarta ɗaya ce, zafin jiki. In ta yi tafiya cikin rairayi, dole a nema mata inuwa, a ɗaga murfin gaba, a bar ta ta huce gwargwadon dahuwar shayi. Kowa a garin nan ya sani, har masu kabu-kabu.

Wanda ya kashe ta shi ne Maikuɗi, ɗan kawuna, taubashina. Tun muna yara muke wasa. Ya sha ɗauke mini hula a ƙofar masallaci, ya ɓoye takalmana ranar ɗaurin aurena, ya fice da cinyar ragon layyata ina kallo. Ni ma na rama, ban bar masa ba. Yana kirana bawansa, ina kiransa nawa, shekara hamsin ke nan babu wanda ya taɓa ɗaure fuska. Ranar Laraba ina wurin suna, ya shiga gidana, ya zare makulli daga jikin ƙusa, ya ce wa Ikilima kayan bawa na ubangidansa ne. Ta yi dariya. Me za ta ce wa taubashin mijinta?

Ya kai ta fadamar Waca, ya ɗora mata rake har rufinta ya lotsa. Ya cusa raguna biyu a kujerar da ni kaina ba na bari a zauna da jiƙaƙƙiyar riga. Ya nufi Guci da ita cikin rairayi, rana tsaka. Allurar zafi ta hau ja, bai tsaya ba. Ta fara huci, bai tsaya ba. Sai da tururi ya rufe masa gilashi ya ja birki a bakin rijiya, ya karɓi guga a hannun mata masu ɗiban ruwa, ya sheƙa wa injin ruwan sanyi har guga uku, yadda yake yi wa sansa in ya dawo daga huɗa. Matan sun ce tas ɗaya suka ji. Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe.

Washegari da hantsi shanu biyu suka jawo gawar ta tsakiyar gari, shi yana zaune a kan murfin gaba yana shan rake. Da suka iso ƙofar gidana ya tofar da ɓawo ya ce, "Bawana, ga gyatumarka nan, na yi mata wanka, saura likkafani." Jama'a suka kwashe da dariya, suka juyo suna jiran tawa baƙar maganar, don haka aka saba. Na juya na shige gida.

Sidi ya kwance injin ya duba. Kan ya tsage, gangar jikin ma ta tsage, irinta kuma ba a samu ko a Kano. Ya ce in na yarda zai dasa mata injin wata ƙaramar mota ta zamani. Na gode masa, na ƙi. Ba zan tuƙa baƙuwa sanye da rigar Kande ba.

Na ce zan kai ƙara wurin jandarmomi. Baffa Goni, babban danginmu, ya aiko aka kira ni, ya ce tun kakanni ba a taɓa kai taubashi gaban hukuma ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ya ce in yi dariya a wuce wurin. Ba diyya nake nema ba, Allah ya sani. So nake mutumin nan ya tsaya gabana sau ɗaya, ba da murmushi ba, ya ce ya yi kuskure. Kwana shida ke nan. Jiya ma ya aiko mini da karan rake ɗaya, wai na ta'aziyya.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu da ta ajiya, da rediyo mai cin kaset, da buji, wato filogi, da na saya mata ban kai ga ɗaurawa ba, da Sidi, da ni da zan koma hawan bayan babur da furfurata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a tura ta ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, a ɗora ta kan bulo, a lulluɓe ta da tamfol. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da ƙafarsu. Wanda ya san zai zo ya ce mini ai ƙarfe ce, ko ya roƙi madubinta, ya yi zamansa a gida. Zaman makoki kwana uku ne.

Maikuɗi kuma ana gayyatarsa. Za a shimfiɗa masa sabuwar tabarma, a kawo masa ruwan sanyi a kwanon baƙi. Zan miƙe in ba shi hannu biyu, in ce sannu da zuwa Alhaji, in tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. In ya kira ni bawa, zan ce na gode. In ya tashi zan raka shi har bakin hanya. Daga ranar ba zan ƙara zaginsa ba, har ɗayanmu ya riga ɗaya.