Rasuwar Injin Gahawar da Yajin Jego Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi wucewa, ni Abdulbaƙi Yahuza na unguwar Yalwawa a Dutse nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin gahawata, wanda aka fi sani a gidanmu da Ɗan Italiya. Ya cika ranar Laraba da la'asar, ana jibi sunan 'yata, bayan gajeriyar jinya da aka ɗora masa da hannu. Ba zan ce Allah ya jiƙansa ba, kada malamai su taso ni gaba. Amma wallahi na yi rashi.

Ga wanda bai san marigayin ba, inji ne na haɗa gahawar da ake kira espireso, 'yar kaɗan a ƙaramin kofi, baƙa wuluk, mai ɗaci, da kumfa ja-ja a samanta. A kansa akwai mazubi inda ake zuba 'ya'yan gahawa, ya niƙe su da kansa, sannan ya tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin. Wani kwas da ofis ya tura ni ƙasar Habasha ne ya koya min wannan jarabar. Na dawo na yi ta tari, na haƙura da sabon babur, har na mallake shi. A lokacin abokina Saifuddeen ya ce in sayi maniƙi daban, madafi daban, in ɗaya ya mutu ɗaya ya rage. Na ƙi, don ba na son tarkace a kicin, kuma har gobe ina kan bakana. Saifuddeen, in ka zo gaisuwa ka ce min "ai na gaya maka", sai dai a raba mu.

Marigayi mutumin kirki ne, in har ana ce wa inji haka. Bai taɓa makara ba. Ina dawowa daga masallaci da asuba zan taɓa shi, ya yi gyaran murya, gurrr, ya niƙa, ya yi shiru kaɗan, sai tsss, sai ɗis, ɗis, ƙamshi ya cika gida. Ni ma ban rage shi da komai ba. Ruwan burtsatse bai taɓa shiga cikinsa ba, sai na roba. Na saya masa na'urar daidaita wuta tasa shi kaɗai, alhali firjin gidan yana zaune a hannun Allah. Na tsare shi daga masu wuta, na tsare shi daga yara, na tsare shi daga gyare da ɓera. Ashe ajalinsa yana Taura yana ɗaura kaya.

Shekarunsa na ƙarshe na yunwa ne, kuma wannan ma ba zan yafe ba. 'Ya'yan gahawa suka yi tashin gwauron zabo. Duk sanda na kira mai sayar min a Kano sai ya fara da dogon salati, yau ya ce dala ce, gobe ya ce fari aka yi a Barazil. Ina zaune a Dutse ban tsare wa kowa komai ba, fari ya taso daga Barazil ya same ni har kicin! Daga kofi biyu a rana na koma ɗaya, daga ɗaya na koma ranar Juma'a da ranar da raina ya ɓaci. Maiɗakina Khaulat ta fara gwada min kuɗin kowane ƙullin gahawa da na tiyar shinkafa. Da cikinta ya tsufa ta zaunar da ni, muka yi magana ta gaskiya: ga yara biyu a makaranta, ga na uku a hanya, wannan injin shi ne na farko kuma na ƙarshe. Na yarda, domin lafiyarsa ƙalau, ko tari bai taɓa yi ba. Na sayo ƙulli guda mai kyau, na juye masa a mazubi, na ce mu lallaɓa da shi har bayan salla.

Sai Allah ya sauki Khaulat lafiya, muka samu 'ya mace. Surukata Hajiya Dada ta zo daga Taura don ta kula da wankan jego, da buhun kayan yajinta. Kowa ya san yadda gidan jego yake, maigida baƙo ne, iyakarsa zaure. Ranar Talata na tafi Ringim kai wa dangi goron suna. Abin da ya biyo baya a bakin Khaulat na ji shi, tana faɗa tana danne dariya, abin da ya ƙara ƙona min rai.

Matan da za su yi dakan yajin jego ba su zo da wuri ba. Hajiya kuwa ta riga ta ji marigayi yana niƙa da safe, ta ce ina dalili, ga inji a gida ana jiran taɓarya? Ta buɗe mazubi, ta shinshina, ta ce wane marar imani ne ya sayar wa yaron nan ƙonannen wake. Ta kwashe shi tas, ta kai wa ragon suna. Ragon ya cinye. Ya yini yana tsalle yana tunkuyin katanga, mata suna cewa ai rago ne mai lafiya.

Daga nan ta ɗura wa marigayi barkono da busasshiyar citta da kanumfari da masoro da kimba, ta kawo daddawa ta ɗora a kai. Aka ce ya yi iya ƙoƙarinsa, bawan Allah. Ya ce gurrr, ya ce gur, gur, sannan ya yi wani ƙiii da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, hayaƙi ya biyo baya. Hajiya ta ce datti ne ya toshe shi, don ɗan nata ba ya wanke shi da kyau. Ta cire shi daga wuta, ta kai shi bayan gida, ta tsoma shi cikin bahon ruwan jego da ya rage, da ganyen darbejiyarsa da komai, ta dirje shi da soso da toka, ta shanya shi a rana kusa da zannuwa. An yi masa wanka tun bai cika ba.

Na dawo Laraba na tarar da shi a mazauninsa yana ƙyalli, ban san komai ba. Na taɓa shi. Ya ce fat, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Na rungume shi na kai wa Ɗayyabu mai gyaran kayan wuta. Yana kwance murfin ya fara atishawa, maƙwabcinsa tela ya kama, mai jiran gyaran fanka ya fita da gudu. Da ya samu numfashi ya share hawaye ya ce haƙoran niƙan sun karye, allon wutar ya sha ruwa, kuma kayan gyaransa sai an yi odarsu daga waje da kuɗin da gara a sayi sabo. Ya ce in yi haƙuri, in kuma ɗauke shi daga shagonsa.

To jama'a, wa zan kama? Suruka ce. Ko ido ba na haɗawa da ita, a tsugune nake gaishe ta, matar da ta baro gidanta da awakinta ta zo tana tashi da asuba tana dafa wa 'yarta ruwa. Da ƙanena ne ya yi wannan aika-aika da yanzu ana ba mu baki. Da ɓarawo ne ya ɗauke shi, da na san inda zan kai ƙara. Amma haka nake haɗiyewa ina murmushi, har saƙo ta aiko min ta bakin Khaulat, wai an cuce ni, injin ba shi da ƙwari, na niƙan bakin kasuwarsu shekara nawa yana cin citta bai ce uffan ba. Saboda haka haushina yana kan mai gahawar Kano, da dala, da Barazil, da ragon nan da nake ji yana kuka yanzu haka.

Marigayi ya bar mariƙinsa na ƙarfe da ake zuba garin gahawa a ciki, da ƙananan kofuna biyu, da ɗan sikelin da nake auna masa abinci, da butar kumfar madara wadda yanzu ake ɗibar kunun kanwa da ita. Ya bar madanninsa, ɗan dunƙulen ƙarfen da nake danna garin gahawa da shi, wanda na gani jiya a hannun Hajiya tana farfasa tafarnuwa. Ya kuma bar ni, da ciwon kai tun daga hantsi.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan an watse daga raɗin suna. Na so in miƙa gawar ga 'yan gwangwan in huta da ganinta, Hajiya ta hana, ta ce abu mai ƙyalli haka ba a yar da shi. Za a sa shi a kabet ɗin Khaulat, tsakanin kulolin aurenta, inda zan riƙa ganinsa kullum in na shiga gaida mai jego. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, a kan tabarmin suna. Mai yi min barka ya yi daga dama, mai ta'aziyya ya zagayo ta hagu ya yi ƙasa da murya, don tagar ɗakin Hajiya tana kallon waje.

Ita ce ma ta fara yi min tata ta'aziyyar yau da safe, ina tsugune a bakin ƙofa. Ta ce komai mai ƙarewa ne, in sa wa raina ruwan sanyi. Har na yunƙura zan tashi ta ƙara da cewa, "In za ka sake saye, ka nemi babba mai ƙarfi. Ƙanwar matarka Zulfa ma watanta ya kama."

Na ce, "To, Hajiya. Allah ya ƙara girma."